Daga Bahon Tsakar Gida Zuwa Teku: Yadda Za Mu Koya Wa Ƙannenmu Kula Da Ruwa

(Jawabin da aka gabatar a taron tunawa da kafuwar ƙungiya, a garin Filinge)



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga fiyayyen halitta, ina miƙa gaisuwa ga malamanmu da iyayenmu da suka bar ayyukansu suka zo suka zauna tare da mu. Ina gaida shugabannin ƙungiya, na jiya da na yau. Ƴan uwana matasa maza da mata, na cikin Filinge da waɗanda suka taso daga garuruwan ƙasar Kurfai, sannunku da zuwa, sannunku da ƙoƙari.

Batun da aka ba ni shi ne yadda za mu jawo yara cikin aikin kare ruwa da halittun da ke cikinsa, har zuwa teku. Na san akwai wanda ya ji kalmar teku ya yi murmushi. Yana cewa a ransa: mu da ko kogi sai mun yi tafiyar kilomita kusan 180 zuwa Yamai kafin mu gani, ina ruwanmu da teku? Tambayar tana kan hanya, kuma da ita zan fara. Daga nan sai in kawo muku aiki guda ɗaya, ƙarami, wanda kowane gida zai iya yi da baho ko randa da ƴan kifi biyu ko uku.

Ina ruwanmu da teku?

Ku ɗaga kai ku tuna da bazara. Idan zafi ya kai maƙura, sai iska ta juya, ta bar gabas ta koma tana busowa daga kudu maso yamma, jiki ya fara jin laima, tsofaffi su ce damina ta kusa. Wannan iska daga tekun Atlantika take tasowa, daga gefen da ake kira mashigin Gini. Rana ce ke dafa ruwan teku, tururi ya tashi, iska ta ɗauko shi ta ratso ƙasashen kudu ta kawo mana shi hadari. Ke nan hatsin da ke cikin rumbunanmu da ruwan teku aka noma shi, bayan an bar gishirin a can. Masana yanayi ma sun danganta manyan fari da Sahel ta gani, irin na 1973 da na 1984, da sauyin ɗumin ruwan tekuna. Iyayenmu da ke zaune a nan ba su manta da waɗannan shekaru ba.

Teku ta rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa, kuma kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya mai gishiri ne. Ɗan abin da ya rage shi ne namu na sha, kuma mafi yawansa ƙanƙara ce ko yana can ƙarƙashin ƙasa. Haka kuma kifin katon da ake sayarwa daskararre, da sardin na gwangwani da ɗalibi ke haɗawa da burodi, duk daga teku suke, ta tashoshin jiragen ruwa suka shigo.

Wannan shi ne abin da teku ke aiko mana. To, mu me muke aika mata? Garin nan namu yana zaune ne a cikin Dallol Boso. Wannan kwari tsohuwar hanyar kogi ce da ke gangarowa daga Azawak, ta biyo ta nan, ta wuce Baleyara, ta nufi kudu har ta haɗu da kogin Isa a wajen Bumba. Yau ruwan ba ya gudu a sarari daga farko har ƙarshe, yana taruwa a tabkuna ne yana nutsewa ƙasa, shi ya sa a wurare da yawa na kwarin rijiya ba ta da zurfi. Amma kogin da kwarinmu ya nufa, wanda ƴan uwanmu na kudu ke kira Kwara, yana da tsawon kilomita kusan 4,200. Daga tsaunukan Gini ya taso, ya ratsa Mali, ya shigo ƙasarmu ya yi kilomita kusan 550 ta Ayoru da Tilaberi da Yamai da Gaya, ya faɗa Najeriya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya zuba a teku. Ledar da aka jefa a magudanar ruwa a Yamai tana kan hanyar teku ke nan. Da yawa cikinmu kuma can muke zuwa karatu ko ci-rani. Halin da yaro ya tashi da shi a Filinge, da shi zai sauka a bakin kogi.

Ruwa yana iya tafiya

Akwai abin da nake so kowannenku ya riƙe: ruwa ba ya yi wa kowa alkawarin zama. A cikin hamadar Tenere, a wani wuri da ake kira Gobero, masu bincike sun gano kaburburan mutanen da suka rayu a bakin wani babban tabki shekaru dubbai da suka wuce. An samu ƙasusuwan giwan ruwa da na dorina da na kada, da kayan kamun kifi na ƙashi. Yau wurin rairayi ne zalla. Tafkin Cadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ƙwarai bayan manyan fari. A shekarar 1985 kuwa, kogin Isa da kansa ya daina gudu a Yamai.

Wani ɓangare na wannan ba ya hannunmu. Amma akwai wanda hannunmu ne ke yin sa, kuma a idonmu ake yi. An sare iccen da ke kan fako, ruwan sama ya sauko ba abin da zai tare shi, ya kwaso rairayi ya cike tabki. Ana wanke kwalbar maganin feshi a inda dabbobi ke sha. Ana ɗaukar gidan sauro da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, a mai da shi koma, a kwashe har ƴaƴan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Ga kuma leda. Tun 2014 aka kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a ƙasar nan, amma ku je kasuwarmu ta Lahadi da yamma bayan an watse, ku ga abin da iska ke kwasa. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya da saniya. Irin wannan ledar ce kunkurun teku ke haɗiya a can, yana zaton abinci ne. Cuta ɗaya ce, wuri ne kawai ya bambanta.

Abin farin ciki, gyara ma yana yiwuwa, kuma misalinsa yana cikin kwarin nan namu. Raƙuman dawa na yankin Kure, waɗanda ke yin rani a Dallol Boso, sun ragu har sun koma ƙasa da 50 a shekarar 1996. Da hukuma da mutanen garuruwa suka haɗa kai, yanzu sun haura 600. A shekarar 2004 kuma aka sanya wani yanki na Dallol Boso cikin jerin wurare masu dausayi da duniya ta amince a kare, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Mutanen waje sun san darajar kwarinmu. Saura ƙannenmu su san ta.

Don me yara, kuma don me a gida?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babba idan ka ce masa kada ya jefa leda, zai ce to, gobe ya sake. Amma yaron da ya taɓa ganin kifinsa yana haki a saman ruwa saboda ruwan ya ɓaci, wannan ya gane da cikinsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Gani ya kori ji.

Wasu ƙasashe sun daɗe da fahimtar haka. Tun 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na jama'a a Landan, inda ake zuba halittun ruwa a cikin akwatunan gilashi. Akwai irinsa a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu tun 1995. Iyaye kan kai yara su wuni suna kallo, ana yi musu bayani, su dawo gida da tambayoyi. Mu abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, inda yaro zai ga dorina da kada ido da ido. Amma nawa ne cikin ƙannenmu suka taɓa zuwa? Ga kuɗin mota, ga halin tsaro da ya sa kowa ke lissafi kafin ya hau hanya. To, idan yaro ba zai iya zuwa wurin kifi ba, sai mu kawo kifi wurin yaro.

Kuma in an yi shi a gida, kowa yana da rabo. Uwa na gani, kaka na gani, maƙwabta na leƙowa. Darasin ba ya ƙarewa da ƙarar ƙararrawar lakol.

Yadda ake haɗa bahon kifi

Ba gilashi ake bukata ba, ba wutar lantarki ba. Ga abin da za ku yi, ku saurara da kyau, domin rai ne za ku ɗauko.

Na farko, mazubi. A samu baho mai faɗin baki, ko randa, ko bido na lita 20 ko 25 a yanke samansa. Idan an samu roba mai haske wadda ake ganin ciki ta gefe, ya fi daɗin kallo. Faɗin baki ya fi zurfi amfani, domin ta saman ruwa iska ke shiga, kuma kifi yana shaƙar iskar da ta narke a cikin ruwa ne. Kada a yi amfani da abin da ya taɓa ɗaukar fetur ko gazuwal ko maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma. Kada kuma a wanke mazubin da sabulu. Ruwa da yashi sun isa.

Na biyu, ruwa. Ruwan rijiya ya yi. Idan na famfo ne, a bar shi a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu, domin maganin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta yana cutar da kifi, kuma in an bar shi yana fita da kansa. A zuba ɗan tsakuwa da aka wanke a ƙasa, da fasasshen kasko ko tukunya inda kifi zai laɓe.

Na uku, wuri. A ajiye a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko bishiya. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, kuma kun san ranar watan Afrilu da Mayu a garin nan. Randa ta fi roba sanyaya ruwa. Lokacin hunturu kuma a shigar da shi ɗaki da dare, domin sanyi yana hana wasu kifaye cin abinci.

Na huɗu, kuma wannan ba wasa: murfi. A rufe da raga mai ƙarfi, a ɗaure, ko a ɗora bahon inda mai rarrafe ba zai kai ba. Jariri yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwar babba ba, cikin ɗan lokacin da uwa ta juya baya. Gidan da ba zai iya kiyaye wannan sharaɗi ba, ya haƙura da aikin har yaron ya girma. Ragar kuma tana hana kifi tsalle waje, tana hana kyanwa da kaji.

Na biyar, kifin kansa. Biyu ko uku masu tsawon ɗan yatsa sun ishi lita 20. Kwaɗayin tara su da yawa shi ne ke kashe su. A nema wurin masunta ko masu kiwon kifi, a kuma nemi shawarar ma'aikatan ruwa da gandun daji, su ne suka san tabkunan da aka zuba wa iri. Karfasa, wadda wasu ke ce wa gargaza, tana da daɗin kallo. Tarwaɗa ta fi juriya domin tana iya shaƙar iska a saman ruwa, sai dai tana cinye ƙanana, don haka kada a haɗa ta da wanda bai kai ta ba. Idan an kawo su, kada a juye su nan take. A ɗora ledar ko kwanon da suka zo ciki a kan ruwan bahon na ɗan lokaci, har ɗumin ruwan biyu ya daidaita.

Na shida, abinci. Ɗan dussa, ko gara, ko ƙananan ƙwari, sau ɗaya ko biyu a rana, daidai abin da za su cinye cikin ƴan mintuna. Yara suna son ba da abinci, kowa ya wuce sai ya zuba. Abin da ya rage yana ruɓewa ya ɓata ruwa. Ƙoshi ya fi yunwa kashe kifin gida.

Na bakwai, canjin ruwa. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu, a mayar da sabo. Kada a zubar duka a lokaci guda. Wanda aka kwashe kuma kada a watsar, a kai shi gindin zogale ko ɗan lambun bayan ɗaki, domin kashin kifi taki ne. Idan kun ga kifi ya taso sama yana buɗe baki da sassafe, ko ruwa ya fara wari, to ruwa ba ya tsami banza: ko abinci ya yi yawa, ko kifi sun yi yawa, ko rana ta buga.

Gidan da bai samu kifi ba, da damina ƴaƴan kwaɗi sun wadatar. Yaro ya ga wutsiya tana ɓacewa, ƙafafu suna fitowa, rannan a mayar da su inda aka ɗebo su. Amma duk mazubin da babu kifi a ciki, a rufe shi da yadi mai ƙananan ƙofofi, kada mu je neman ilimi mu buɗe gidan kiwon sauro. Kifi yana cinye tsutsar sauro, wannan ma darasi ne da yaro zai gani da idonsa.

Kowa da aikinsa

Idan aka bar wa yaro ɗaya, mako biyu ya gaji. A raba aiki. Ɗan shekara biyar ko shida ya riƙa leƙawa kowace safiya ya ƙirga su, ya faɗi ko suna lafiya. Ɗan shekara takwas zuwa goma ya riƙe ciyarwa. Wanda ya fi su girma ya riƙe canjin ruwa. Wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya riƙe littafi: ranar da aka kawo su, abin da aka ba su, launin ruwa, tsawon kifi a ƙarshen kowane wata. Ku kuma, yayye, ku ne masu sa ido. Kada a ce aikin maza ne. Ƙannenmu mata su ne suka fi kowa sanin nauyin bido da nisan rijiya, don haka su ne suka fi cancanta a saurara musu idan ana maganar ruwa.

A bakin bahon nan ne za ku ba su labarin kifayen ƙasarmu, kuma labarin ya fi tatsuniya ban mamaki. Gaiwa, idan tabki ya ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar ɗan rami tana shaƙar iska, ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Uwar karfasa tana ɗaukar ƙwanta a baki, ta haƙura da abinci har su ƙyanƙyashe. Tarwaɗa tana iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta bar kududdufin da ke ƙafewa. A kogin Isa akwai ayu, dabba ce mai shayar da ɗanta nono, ciyawa take ci, kuma doka ta hana kashe ta saboda ta yi ƙaranci. Daga ayu sai ku kai su teku, ku ba su labarin kifin da ya fi babbar mota girma, wanda shi ma nono yake shayarwa.

Ga ƙananan gwaje-gwaje guda uku da ba sa cin ko dala.

Ku ɗebo busasshiyar laka daga tsakiyar tabkin da ya ƙafe, ku sa a kwalba, ku zuba ruwan rijiya, ku rufe da yadi. Bayan ƴan kwanaki ku duba da kyau, sau da yawa za ku ga ƙananan halittu suna iyo. Ƙwayayensu suna cikin lakar tun bara. Yaro zai gane cewa busasshen tabki ba mataccen wuri ba ne, bai kamata a mai da shi juji ba.

Ku binne leda da takarda da ɓawon mangwaro a wuri ɗaya mai laima, ku sa alama. Bayan wata biyu ku tone. Ku bar yaron ya faɗi abin da ya gani da bakinsa.

Ku cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya tsirara, ɗaya da ciyawa ko karan hatsi a kai. Ku karkata su, ku zuba ruwa da buta, ku tari abin da ya gangaro a kofi biyu. Kofin da ya fi laka shi ne labarin fakon da aka sare wa icce, da tabkin da ke ƙarƙashinsa.

Sannan ku zaunar da yara gaban kakanni. Ku tambaye su: wane tabki ne yake kai wa har bazara da ruwa a zamaninku? Waɗanne tsuntsaye ne ke sauka? Waɗanne itatuwa ne ke bakinsa? Ku rubuta sunayen da amsoshin. Wannan ilimi ba ya cikin littafin lakol, kuma duk tsohon da ya tafi, da nasa yake tafiya.

Abin da za a ce muku

Za a ce muku ruwan sha ma da ƙyar, balle na kifi. Ku yi lissafi a gabansu: lita 20 sau ɗaya, sannan lita biyar a mako, kuma lita biyar ɗin tana komawa gindin shuka. Amma idan unguwa tana cikin matsin ruwa na gaske, mutane da dabbobi su ne gaba. A jira damina.

Za a ce muku wasa ne da rai. Wannan magana ce mai nauyi, ku karɓe ta. Wanda ya tsare halitta, ciyar da ita da kula da ita sun hau kansa. Idan gida ya ga ba zai iya ba, ya miƙa wa wani. Idan kifi ya mutu, kada a ɓoye wa yaro, kada kuma a dake shi. A buɗe littafi a duba tare: me ya canza a makon nan? Idan kuma sun girma baho ya yi musu kaɗan, ko dai su shiga tukunya, yaro ya san daga inda abinci yake zuwa, ko a mayar da su ruwan da aka ɗebo su. Kada a kai kifi ko ciyawar ruwa daga wani wuri a saka a wani tabki ba da sanin ma'aikata ba. Ku dubi yadda baƙuwar ciyawar nan mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu take, ta shimfiɗu a kan kogin Isa tana hana jiragen masunta wucewa. Wanda ya fara ɗauko ta daga ƙasarta don ado ya ɗauko ta.

Akwai kuma abin da ko ba a ce muku ba, ni zan faɗa. Wannan aiki ba izini ba ne na tura yara su shiga tabki. Ban da haɗarin nutsewa, akwai tsargiya, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ta fito ta shiga ta fatar mai wanka ko wanki. Kada a sa dodon koɗi a baho. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ruwan kifi. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani. Mun ga yadda aka yi da kurkunu: da tace ruwa da wayar da kai aka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasarmu ta rabu da shi. Abin da ake yi a tsakar gida yana iya kai ƙasa gaba ɗaya ga nasara.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba da shawara kowane reshe ya zaɓi gidaje uku kacal su fara, kowane gida da matashi ɗaya ko matashiya da ke da alhakinsa. Bayan wata uku a haɗu, yara da kansu su zo da littattafansu su yi bayani, wanda nasa ya rayu da wanda nasa ya mutu, kowa a saurare shi. Daga nan a san abin da ya dace da ruwanmu da zafinmu, kafin a faɗaɗa. A nemi malaman makarantun allo da na boko su bari a ajiye baho ɗaya inda ɗalibai za su gani.

Sannan a fita daga tsakar gida. Kafin ruwan farko, lokacin da tabki yake bushe, a ɗauki yara da buhuna a je a tsince leda da fasassun kwalabe, manya na gaba, kowa da takalmi. Ranar 3 ga Agusta, da ake dashen itatuwa a ƙasar nan, mu kai namu dashen bakin tabki da hanyoyin da ruwa ke bi, kuma kowane icce a ba shi yaron da zai yi masa shinge ya shayar da shi. Akwai ranakun da duniya ta ware waɗanda za mu iya jingina ayyukanmu da su: 2 ga Fabrairu ta wurare masu dausayi, 22 ga Maris ta ruwa, 8 ga Yuni ta tekuna. Ta ƙarshen nan tana zuwa daidai lokacin da muke duban gabas muna jiran hadari. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa a gaya wa yaro daga ina hadarin ya samo ruwansa.

Ƴan uwa, Hausawa na kiran wanda bai san duniya ba kifin rijiya. Mu burinmu shi ne kifin baho ya zama sanadin da ƙannenmu za su san faɗin duniya, su san cewa rijiyar gidansu da tabkin bayan gari da kogin Isa da teku duk ruwa ɗaya ne ke zagayawa. A cikin yaran nan akwai wanda gobe zai zama magajin gari, akwai mai lambu, akwai makiyayi, akwai uwar gida mai ƴaƴa takwas, akwai injiniyan ruwa. Ranar da aka kawo wa ɗayansu shawarar a mai da tabki juji ko a sare iccen bakinsa, muna so ya zama ya taɓa ɗaukar nauyin rai a cikin lita 20 na ruwa.

Wanda ke son gidansu ya shiga cikin ukun farko, ya fara neman izinin iyaye, sannan ya ba shugaban reshensu suna kafin a watse.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya raya mana ƙannenmu, Ya jiƙan magabatan da suka kafa wannan ƙungiya.